Tauraruwar Sirajo Mai Hoto

Shekara talatin Sirajo ya yi yana ɗaukar hoton mutanen Moriki: angwaye, alhazai, dillalan shanu da ke son a fito da su tare da bijimansu. Shi kuwa zuciyarsa na sama, wajen taurari.

Ranar da aka yi husufin rana, da hantsi, gari ya rufe da duhu, kaji suka koma akurki, jama'a suka yi masallaci. Sirajo ya hau soro da kamararsa. Can gefen baƙar ranar ya hango tauraruwa guda tana kyalli, ya danna. Haske ya dawo idonsa na manne da kamarar. Tun daga ranar tsakiyar ganinsa ya fara dusashewa, har ya daina gane fuskar mutum.

Katin da aka buga masa ya fito baƙi ƙirin. Abokai suka sami abin tsokana: "Mai tauraruwar hantsi, yau kuma mi ka gani?" Ya naɗe fim ɗin ya sa a gwangwanin madara. Da 'yan bindiga suka tashe su, gwangwanin yana cikin ɗan abin da ya tsira da shi zuwa Kaura Namoda.

Bana ɗiyarsa Laila ta ji labarin wani Saminu da ke da na'urar da ke kwafe tsohon fim ta zuba a kwamfuta, har abin da ya ɓuya a duhu ya bayyana. Suka kai masa fim ɗin. Damina da yawa ta bi ta kan fim ɗin, ya yi furfura, gidan hoto ɗaya kawai ya rage da rai. A fim kuwa haske baƙi yake fitowa, duhu fari.

Washegari suka koma. Saminu ya tarbe su yana murna.

"Baba, zo ka ga aiki! Ga rana nan baƙa wuluk, da zoben haske kewaye da ita. Wallahi kai gwani ne."

Sirajo ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin kwamfutar. "Laila, duba can gefen dama. Mi ag gurin?"

"Ba komai, Baba. Sarari ne fes."

"Ai da datti a gun," in ji Saminu. "Wani ɗigo baƙi, ya kafe. Na sha wuya da shi. Sai da na jiƙa auduga na murje shi a jikin fim ɗin, sannan ya fita."

"Ɗigo guda?"

"Guda ɗaya tak, kamar kashin ƙuda."

Sirajo ya miƙa hannu. Yatsunsa suka lalubi fim ɗin a kan tebur, suka tsaya inda ya yi santsi.

"Kwamfutar taka ba ta gan shi ba kahin ka goge?"

"A'a Baba, ai sai an tsabtace ake sawa."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana," in ji shi. "Ka yi aiki da tsabta."

Saminu ya tambaya ko kati nawa za a buga. Sirajo ya ce a bari, ya miƙa wa Laila hannu ta kama.