Zoɓon da Na Dafa Ban Sha Ba

Shekara goma sha ɗaya ni nake dafa zoɓon Jibin Ubangiji a ikilisiyarmu ta nan Mubi. Yanzu na kwalba ake saya a shago, yaran zamani ba su ma san an taɓa yin haka ba. A lokacinmu kuwa, Asabar ta ƙarshen wata da la'asar zan wanke babbar tukunyar da ba a girki da ita, in hura wuta, in zuba busasshen zoɓo. Ba citta, ba kanumfari, sukari ma ɗan kaɗan, don ba na biki ba ne. Har yau in na ji ƙamshin zoɓo a wuta, waƙar sujada ce ke fara zuwa bakina.

Ba ni kaɗai nake aikin ba. Akwai wata 'yar'uwa a zumuntar mata, maman 'yan biyu, ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Gonarta tana ƙauyen Sahuda, a gefen gyaɗa take shuka yakuwa musamman don wannan aiki. Ita za ta cire, ta ɓare, ta shanya a kan tabarma, ta kawo a ƙaramin buhu, bakinsa ɗaure da yankin tsohon zanen zumunta. Ni in dafa, ita ta tace, wani lokaci hirar ta fi aikin yawa. Ita ta koya mini yin addu'a a gaban jama'a ba tare da muryata ta yi rawa ba, ita ta zauna da ni kwana uku lokacin da na rasa ɗana na biyu. Aibinta ɗaya ne, abin da ke cikinta shi ke bakinta.

Ranar auren 'yata ta fari, dangin ango suka zo daga Michika mota biyu. Ni na yi miyar da kaina, don ban yarda da hannun kowa ba. Ana cikin rabon abinci Yaya ta ɗanɗana, ta ce da muryar nan tata da ba ta san raɗa ba, "Kai, ƙanwata, miyan nan gishiri ya yi yawa fa." A gaban uwar ango! Na ji kamar an fizge mini ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Nan take na ƙullace ta.

Daga ranar na daina gaishe ta. In ta shigo ta wannan ƙofa, in fita ta waccan. Na gaya wa matar fasto ba na bukatar mataimakiya, zoɓo kuma a nemo mini na kasuwa. Ita mace ce mai sanyin hali, ta ce to. Ƙarshen wata ta kawo mini buhu da kanta. Ina ganin bakinsa na gane daga Yaya yake, yankin zanen zumunta ne, ƙulli biyu. Na kwance, na jefa ƙyallen a murhu, na yi kamar ban gani ba. Haka muka yi ta yi wata bayan wata.

A wurinmu, kafin a raba gurasa da ƙoƙo, fasto kan tuna mana cewa wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je su shirya tukuna. Ba mai tsare ka, tsakaninka ne da Allah. Ni ina da zafin rai, amma ba na wasa da teburin Ubangiji. Saboda haka in dattijon ikilisiya ya iso da tiren 'yan kofuna, sai in sunkuyar da kai ya wuce. Ni na dafa, ni na tace, ni na cika kofunan ɗaya bayan ɗaya, ban sha ba. Abin yana cin raina ƙwarai, in dawo gida in rasa me ke mini daɗi. Sai in lallashi kaina da cewa laifinta ne. Ga ta can baya tana sha hankalinta kwance, ni da aka ci wa mutunci ce nake azumi.

A wata na bakwai, ranar Jibin, akuyata ta tsinke igiya da safe, na makara, na rasa wurina na gaba. Na zauna a benci na ƙarshe, Yaya tana gabana kaɗan. Tire ya iso wurinta. Ta sunkuyar da kai, dattijon ya wuce ko tsayawa bai yi ba, alamar ya saba. Na dubi bayan wuyanta, ta rame. Ashe duk watannin nan ita ta noma, ni na dafa, ikilisiya duka ta sha, mu biyu kawai muke zaune da busasshen baki a kan gishirin miya. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Litinin da safe na nufi gidanta. A hanya na shirya dogon jawabi, rabi neman gafara, rabi tuna mata laifinta. Na same ta a gindin mangwaro tana tsintar wake. Jawabin ya gudu ya bar ni.

"Yaya, na zo."

"Na gan ki. Ɗauki kujera."

Ta turo farantin waken tsakaninmu, muka yi ta tsinta. Can ta ce, "Bakina ba kyau, na sani. Bai kamata na faɗa a gaban baƙi ba. Sau biyu na zo ƙofarki, ina jin muryarki a ciki, aka ce kin fita. Ki yafe ni."

"Ni ce zan roƙe ki, Yaya," na ce, sai kuka ya ƙwace mini.

Ta bari na gama, na share fuska da bakin zane, sannan ta ce, "Amma gishirin kam ya yi yawa."

Na yi dariya har na kusa kifar da waken. Ya yi yawa ɗin. Sau biyu na zuba cikin ruɗewar biki, kuma tun ranar na sani.

Ƙarshen watan muka zauna benci ɗaya. Dattijon ya zo zai wuce mu kamar yadda ya saba, Yaya ta riƙo hannun rigarsa. Abin da ke cikin kofin bai fi cokali biyu ba, amma ban taɓa shan abin da ya sanyaya mini zuciya kamarsa ba.

Daga baya ƙafa ta matsa mata, ta koma Maiha wurin ɗanta, can ta rasu shekara huɗu ke nan. Ranar jana'izarta ni na yi miyar baƙi. Duk wanda ya ci sai ya ce, "Mama, hannunki da albarka." Na tsaya da ludayi a hannu ina dubansu, na rasa wanda zan ba wa ya ɗanɗana ya gaya mini gaskiya.