Yashi a Cikin Littafin Yaƙi

Jiya na buɗe littafin yaƙe-yaƙen Turawa da mushe, malaminmu, ya ba ni a lakwal, makarantar boko, sai yashi ya zubo daga tsakiyarsa. Na ƙofar gidan kakana ne a Dakoro. Bara ya rasu.

Tsohon ɗan kokawa ne, bai san boko ba. Wani hutu na zauna a ƙofar gidan da littafin, ina fassara masa labarin wani janar da ya kutsa ƙasar abokan gaba, suna ta ja da baya. So nake ya ga na fi shi sani.

Yana tauna goro, ya ce, "Tsaya, ɗan lakwal. Shi ke bi, su ke ja?"

Na ce, "I, Kaka, nasara yake ci."

Ya ce, "Ai janar ya faɗi. In kana turawa, abokin karo na saki, jawo ka yake. Haka aka kayar da ni a Birnin Lalle. Juya takardar."

Na juya. Shafi uku gaba, yunwa da sanyi sun cinye rundunar. Na kasa ɗaga kai. Shi kuwa ɓarin goro ya miƙo mini.

Allah ya jiƙansa, ya tabbatar da dugadugansa ranar da ƙafafu ke zamewa.