Wanda Ya Ce Sahabi Ya Warke

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Na yi niyyar in yi masa addu'a in yi shiru kamar kowace shekara. Sai ga Baba Illo, ƙanen mahaifinmu, ya taso daga garinmu Takanamat ya zo gidana nan Tawa, yana roƙon in raka ɗansa Nomau asibiti, don ciwon da ya ci Sahabi ya kama shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba.

Ciwon Sahabi iri biyu ne a jiki ɗaya. Yakan ji muryoyi suna kiransa, mu ba mu ji. Wani lokaci ya yi ta zuba magana da dariya, ya ce zai haƙa rijiya a kan dutse duk ƙasarmu ta Adar ta sha. Wani lokaci ya kwanta fuskarsa ga bango, ko hura ba ya taɓawa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har turu an sa shi, ƙafarsa ta kumbura.

Ana haka wasu likitoci masu bincike suka zo Tawa, suna neman masu irin wannan ciwo. Ba su yi mana ƙarya ba. Sun ce magani ne suke gwadawa, ba su ɗauki alkawarin warkewa ba, kuma duk ranar da mutum ya so fita, ya fita. Abu ɗaya suka roƙa: duk zuwa, wani na gida ya rako shi, ya faɗi gaskiyar yadda yake ci, yadda yake barci, da abin da yake faɗa. Sahabi da bakinsa ya yarda. Bayan ƴan watanni ya koma gona, ya fara tsokanata yana ce mini mai kan ƙwarya. Mun ga yayanmu ya dawo.

Ni nake kai masa tuwo, ni nake wanke masa tufafi, amma ni budurwa ce a lokacin. A wajenmu namiji babba ne ke magana da baƙo, kuma ba a buɗe cikin gida a gabansa. Don haka Baba Illo ne ke shiga, ni ina tsaye bakin ƙofa riƙe da butar ruwa. Da kaka ta ƙarato na ga alamu. Sahabi ya rage barci, yana juya kai kamar wanda aka kira daga baya. Na gaya wa Baba Illo a hanya. Ya ce, "Ke ɗiya, rufe mana baki." Da likita ta tambaye shi, sai ya ce, "Lahiya lau, wanga yaro ya warke sarai. Mun gode, ba mu ƙara zuwa."

Na san dalilinsa. A Adar, in an gama girbi, duk namiji mai ƙarfi yakan tafi ci-rani. Wanda ya zauna gida da rani tare da mata da tsofaffi, ana nuna gidansu da baki. Baba Illo ya gaji da jin ana cewa ɗan wansa na bin layin masu taɓin hankali. Likita ta bi su har waje tana cewa ko an fita binciken, kada a yanke magani, kada a yi nisa da shi. Sahabi ya dubi ƙasa, don ba a musu da uba. Aka sa shi mota zuwa Abijan tare da samarin gari. A wata tasha bayan an ƙetare iyaka ya sauka, ya nufi daji. Makiyaya suka tsinci gawarsa, mutanen wurin suka rufe shi.

A zaman makoki Baba Illo ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, kowa da ranarsa. Amma wanda ya tura akuya bakin kura ba ya cewa tsautsayi ne.

Ina yawan tunanin abin da Sahabi zai ce da ya ga yau. Masu binciken sun gama sun tafi, ban ma san abin da suka gano ba, amma yanzu a asibiti akwai ɗakin masu irin ciwonsa, kuma na ga mata na shiga suna magana da bakinsu. Da zai yi murna. Na kuma san da zai ce in yafe, don shi ko akuya ta ci masa hatsi sai ya ba ta ruwa. Ni ba shi ba ce. Ina da goyo yanzu, kuma in ɗiyata ta ƙura wa bango ido, sai gabana ya faɗi, in yi ta kiran sunanta har ta juyo. Wannan tsoron shi ne gadon da aka bar mini.

Nomau bai yi mini komai ba, don haka na raka shi. Amma na gindaya wa ubansa sharaɗi. Na ce, "Baba, kai za ka zauna kan bencin nan na waje, inda mutanen garinmu ke wucewa. In an kira, ka shiga ka faɗi duk abin da yake yi, har tsiraicin da ya yi a kasuwa. In ka rage ko ɗaya, ni zan cika." Ya ce, "Haba ɗiyata, da furfurata?" Na ce, "Da ita." Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ya zauna, ya ja rawaninsa har hanci, wani ɗan Tebaram, maƙwabciyar garinmu, ya gane shi ya tsaya gaisuwa. Ban kau da kai ba, na kalla har ƙarshe.

Sahabi bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, gonarsa ma wani ke nomawa. Abin da ya rage nasa shi ne Nomau na shan magani a gida, kuma rani ya shigo ba wanda ya isa ya sa shi mota. Allah ya jiƙan yayana, ya haskaka inda yake kwance. Baba Illo ya aiko sau biyu yana neman gafarata. Na ce wa ɗan aiken, wanda zai yafe masa yana can bayan iyaka, ya je ya nemo shi.