Yaya Garba da Injin da Ba Ya Ƙara

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba, wanda manoman rani na bakin kududdufinmu suka fi sani da Garba Mai Tumatir. Ni ne ƙaninsa Sabo. Ni nake noma lambunsa yanzu, ina kai wa iyalinsa rabonsu, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ni kaɗai na rage namiji a gidan. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka masu karatu su yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Kududdufin da nake magana tsohon ramin kuza ne, irin waɗanda mahaifinmu ya yi aiki a cikinsu da ƙuruciya. Da aka gama haƙa aka watse, ruwa ya cika shi. Daga Dutse Uku inda muke zaune sai mun fita bayan gari kafin mu kai. Babu rafin da ke shiga cikinsa. Abin da damina ta zuba, shi za a yi ta sha har wata daminar. Mu tumatir da karas muke yi. Maƙwabciyarmu Mama Ladi, wata dattijuwa da ke zuwa daga Anguwan Rukuba, ita kabeji ne nata, kuma da shi take riƙe jikokinta.

A zamanin Yaya, kowa injin fetur yake ban ruwa da shi. Nasa wani tsoho ne ja, sai an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi. Yaya yana yi masa faɗa kamar ɗan da ba ya jin magana, in ya tashi kuma ya shafa shi ya ce Allah Ya yi masa albarka. Kowane inji da irin kukansa, kuma Yaya ya san na kowa. Ba wanda ya naɗa shi sarkin ruwa, amma in ya ji wani inji ya daɗe yana ƙara, sai ya hau kan dutse ya ɗaga murya: "Ɗanjuma, shinkafa ka shuka ne ba mu sani ba?" Sai a kwashe da dariya, Ɗanjuma ya je ya kashe. Wanda bai ji kunya ba ma, galan ɗinsa zai ƙare ya kashe dole.

Ni a lokacin, gaskiya, malalaci ne. Duk ranar da za a ɗauko mai daga bakin titi zuwa lambu, sai bayana ya kama ciwo. Yaya bai taɓa ƙaryata ni ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Bayan nan naka, Sabo, da ya hango galan yake tashi." Sai ya saɓa galan ya wuce, ni kuma in biyo shi da hannu a ƙugu, ina ɗingishin da ni kaina ban yarda da shi ba.

Yaya bai taɓa son fetur ba. Hayaƙin yana sa shi tari, kuma yana jin haushin maiƙon da ke yawo a kan ruwa inda injuna suke ɗiga. Ya ce tarwaɗar kududdufin har ɗanɗanon gareji take yi. Bai rayu ya ga lokacin da mai ya yi tsadar da ta kori rabin manoman wurin ba. Bai kuma ga abin da ya dawo da su ba, wato injin sola. Wani ɗan kasuwa da muke kira Oga Chidi ya fara kawo shi, faranti biyu ko uku a kan ƙarfe, da ƙaramin famfo da ake jefawa cikin ruwa. Rana na fitowa ruwa zai fara zuba. Ba igiya, ba hayaƙi, ba ƙara. Ranar da aka haɗa nawa na zauna a gindin gwaiba ina jin kukan tsuntsaye, waɗanda ban san muna da su a wurin ba. Na ce ina ma Yaya yana nan. Na san da sai ya zagaye farantin nan yana neman inda ake zuba mai, ya rasa, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

To, a ranin bara ne halina ya nuna kansa. Tunda ruwa ya zama kyauta, sai in kunna da safe in bar shi, in koma gari wajen mai shayi, ko in leƙa abokaina a Jos Jarawa, sai la'asar in dawo. Tumatir ya sha ya ƙoshi, sauran ruwan ya bi kwari ya tafi. Ba ni kaɗai nake yi ba, amma ni na fi kowa, kuma famfona yana wajen da ya fi zurfi, inda Yaya ya zaɓa tun farko, don haka ban ga wata alama ba. Mama Ladi kuwa a gefen da ba zurfi take. Da bazara ta kama, ruwa ya ja baya ya bar mata taɓo, famfonta ya koma zuƙar laka, daidai lokacin da kabeji ke shirin naɗe kai. Duk manomi ya san in ƙishirwa ta kama shi a wannan gaɓar, aikin shekara ya tafi. Da a da ne, da kunne kaɗai za a gane mai laifi. Yanzu kuwa kududdufin tsit yake, kowa na jan ruwa, ba wanda ya san na wa ke aiki.

Mama Ladi ba ta tambayi kowa ba. Sawun ruwan da ke gangara kwari ta bi, har ya kawo ta lambuna. Da na dawo da yamma, na tarar an lulluɓe farantaina da tsofaffin zannuwa, an danne gefe da duwatsu, famfo ya tsaya cik. Ita kuma tana zaune a kan bokitina tana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Mama, sannu da hutawa. Wanki aka shanya?"

Ta ce, "Wanki ne. Kai na wanke." Ta jefa gyaɗa a baki. "Sabo, rana na Allah ne, na yarda, ba ya ƙarewa. Ruwan fa? Oga Chidi ya haɗa maka da shi ne a kwali?"

Na fara cewa ai ba ni kaɗai ba ne. Ta ce ta sani, amma sawun nawa ne ya fi faɗi. Ta kama hannuna kamar ƙaramin yaro ta kai ni gefenta, na ga ganyen kabeji ya yi laushi ya kwanta. Kunya ta rufe ni. Washegari na kwance tiyona na haɗa da nata, muka ja mata ruwa daga wajen zurfi.

Da manoma suka ji labarin zannuwan, aka yi ta yi mini tsiya, har wani ya ce an yi wa solar Sabo lalle. Amma daga cikin dariyar shawara ta fito. Aka tsaya a kan cewa da an kira azahar, kowa ya rufe farantinsa da buhu. Farantin da ke buɗe yana ƙyalli, daga ɗaya gefen kududdufin ma ana hango shi, don haka ba mai iya ɓoyewa. Mama Ladi ba ta sallar azahar, amma duk cikinmu ba wanda ya kai ta sanin lokacinta. Ruwan ya kai mu har saukar damina, da ƙyar, amma ya kai.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin zai yi murna da tafiyar hayaƙi da dawowar samari gona, zai kuma ce tarwaɗa ta gyaru. Amma ba na jin zai yi mamakin abin da na aikata. Ya san fetur ne yake tsare mu da tsadarsa, ba kirkinmu ba, kuma duk ranar da aka sauke wa mutum wani nauyi, dole ya nemo abin da zai riƙa tsayar da shi. Tsohon injinsa yana nan a zaure ya yi tsatsa. Abin da ya bari mai amfani shi ne mutanen da ya saba wa duba ruwan maƙwabci kafin nasu, ko da ƙaninsa ne ya fi kowa jinkirin koyo.

Da kabeji ya nuna, Mama Ladi ta zo har gida da kwano cike, ta kai wa matar Yaya. Ni kuma ta miƙo mini guda ɗaya, ɗan ƙarami, bai fi dunƙulen hannu ba.

Ta ce, "Wannan naka ne. Shi ya fi shan wahala a hannunka."

Na karɓa da hannu biyu, aka yanka mini shi a kan shinkafa, na cinye ban raga wa kowa ba. Allah Ya haskaka kabarin Yaya Garba, mu kuma da muka rage a bakin ruwa Ya ba mu kunyar juna.