Kawu Harlan Mai Turi

Duk ranar Asabar, tun daga shigowar bazara har a gama girbin masara, Harlan Stuckey yakan riga kowa isa filin tsere na garinmu Ransom. Yakan ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa a gindin tankin ruwa, ya fito da gahawarsa a hannu, ya zagaya gabanta. Akwai wani katako mai kauri da ya ɗaure a jikin bamba, ya naɗe shi da robar tsohuwar taya. Sai ya girgiza katakon, ya taɓa kowane noti. In ya gamsu, ya koma ya zauna yana jiranmu, mu masu hayaniya.

Kowa a nan Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Bana ya ajiye aiki, kuma sai da ya ajiye muka gane cewa Tseren Kaka, babban tserenmu na shekara, a kan katakon nan yake tsaye. In babu mai turi, babu tsere.

Motocinmu dai kun san su. Tayoyi huɗu a waje tsirara, kujera ɗaya, inji kamar zai tsaga ƙasa. Amma ba sitata, ba kuloci, an cire su don rage nauyi. Duk ƙarfinta, motar ba ta iya tayar da kanta. Ina cikin waɗanda yake turawa, don haka na san abin daga ciki. Kana zaune an ɗaure ka, hular kwano ta toshe maka kunne, ba ka ganin baya. Sai ka ji wani abu ya jingina da kai a hankali, kamar an ɗora maka hannu a kafaɗa. Tayoyi su fara juyawa, allurar mai ta tashi, ka murɗa makunni, inji ya kama. A daidai nan mai turi zai sake ka ya kauce. In ya yi saurin saki, motar ta mutu a tsakiyar hanya. In ya makara kuma injin ya yi tari, a-kori-kura ta hau bayanka.

Tseren Kaka ya girme ni, ya girmi babana. Filin nan mai siffar ƙwai a da na sukuwar dawaki ne. Da samarin garin suka dawo daga babban yaƙi, sai suka harhaɗa motoci da tarkacen gona, suka zuba jar laka, suka ce bayan girbi a zo a gwada. Da tarakta ake turi a lokacin, kuma ɗan'uwan mahaifiyar Harlan ne a kanta. Daga baya shingen katako ya koma na ƙarfe, aka ɗora wa motoci fiffike a ka. An yi shekarar da ruwa ya cinye kwana guda na filin, an yi shekarar da motocin da suka zo ba su taka kara sun karya ba, amma ba a taɓa fasawa ba. Sunayen waɗanda suka ci suna nan a jikin bango kusa da ƙofa. Babu na Harlan a ciki, ko da yake mafi yawansu shi ya tayar da su.

Dokar filinmu ita ce, in mota ta juya ta mutu, ana ɗaga tuta rawaya, sauran su rage gudu. In mai turi ya tayar da ita kafin a sauke tutar, ta koma ƙarshen layi ta ci gaba. In bai samu ba, ta fita ke nan. Wata shekara Curtis, ɗan Harlan, ne a gaba, karo na farko a rayuwarsa. Abokin hamayyarsa Dwight Ballard, mutumin da ba ya rabo da baƙar magana, ya juya a kwana, injinsa ya mutu. Da Harlan ya ɗan yi nawa wajen sa giya, ba wanda zai zarge shi. Sai aka ga a-kori-kura ta fito a guje tana watsa laka. Dwight ya tashi, ya taso daga ƙarshen layi yana cin motoci ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Curtis ana dab da gamawa.

Curtis da kansa yake ba da labarin yadda cin abincin ranar ya kasance a gidansu.

Ya ce, "Baba, ko takalminka ka tsaya ɗaurewa mana."

"Takalmina ba shi da igiya."

"To ko tari ka yi."

"Ban ji tari ba. Miƙo gishiri."

Mahaifiyarsa, Inna Darlene, ta ce, "Ku ci dankalinku. Ɗaya ya tura, ɗaya ya bari an wuce shi, ni ce dai zan wanke lakar."

Curtis bai taɓa cin Tseren Kaka ba har ya daina. Yanzu yana dariya in yana faɗa, amma ya ce sai da ya haifi nasa ɗan zafin ya bar shi.

Kawu, kai ne ba ka taɓa tambayar motar wa ce a gabanka ba. Mai sabon inji da wanda ya ɗaure nasa da waya, taɓawa ɗaya kake yi musu. Kai ne kake tsayawa bayan an watse, kana janyo motocin 'yan kallo da suka maƙale a laka, ka ɗaga musu hannu tun kafin su gama godiya.

A tsakiyar bazarar bana abin ya faru, kuma motata ce a gabansa. Maimakon taɓawar nan da na saba, sai na ji duka har haƙorana suka haɗu. Ƙarfen baya ne kawai ya lanƙwashe. Da na fito, na same shi tsaye yana kallon katakonsa.

Na ce, "Ba komai, Kawu, ƙarfen dama ya tsufa."

Ya ce, "Kar ka yi min ƙarya, yaro, ba ka iya ba. Na gan ka can, ashe kana nan."

Idonsa na hagu ne ya daina auna nisa. Bai sake tura kowa ba tun daga ranar. Mai filin, Misis Pruitt, ta riƙa aro masu turi daga filin wani gari, amma ranar Tseren Kaka su ma suna da nasu tseren. Ta tara mu a rumfar gyara ta ce in ba a sami na gida ba, bana sai dai a haƙura. Kowa ya kalli takalminsa. Dukkanmu gaba muke so, ba mai son baya.

Aka ce ko Dwight, tunda ya daina tsere. Ya shafa tumbinsa ya ce, "Ni da na saba a tura ni?"

Inna Darlene ta ce, "Ai har yau sai an tura ka kake tashi daga kujera."

Ana cikin dariya wata murya ta ce za ta gwada. Lorna Deckard ce, mai tuƙa motar 'yan makaranta, wadda take taya Inna Darlene gasa masara a bakin ƙofa.

Dwight ya ce, "Ke? Waɗannan fa ba 'yan makaranta ba ne."

Ta ce, "Na sani. Waɗancan sun fi ku hankali."

Duk Lahadi bayan an taso daga coci, sai Harlan da Lorna su zo filin da wata tsohuwar motar tsere da ba ta da inji. Mun ɗauka Harlan zai zauna kusa da Lorna yana nuna mata. Sai ya sa hular kwano, ya cusa kansa cikin matacciyar motar da tsufansa, ya ce in za ta doki wani, shi za ta fara doka. Ta kuwa doke shi, ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da ta sauko tana hawaye ta ce ta fasa. Ya leƙo ya ce, "Koma, 'yata. Wannan ya fi na ɗazu taushi." Ya yi kwanaki ba ya iya juya wuya, sai dai ya juyo gaba ɗayansa. Haka suka yi ta yi har ranar da ya ga shinge yana wucewa bai ji lokacin da ta taɓa shi ba.

An yi Tseren Kaka bana, rana tsaka, rumfar 'yan kallo cike. Lorna ta tayar da mu duka. Mota ɗaya ta mace mata don ta yi saurin saki, ta zagayo a natse ta sake ɗaukarta. Harlan kuwa yana can sama a benci kusa da matarsa, inda bai taɓa zama ba.

Ya ce, "Darlene, waccan jar ta wa ce?"

"Ta yaron gidan Mullins mana. Ka yi shekaru kana tura shi."

"Ban taɓa ganinta ta gaba ba."

Ta ce har aka tashi bai san wanda ya ci ba. Idonsa mai kyau yana kan a-kori-kurar Lorna, ƙafarsa tana taka katakon benci.

Mun gode, Kawu Harlan. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka idon da ya rage. Ku kuma samarin Ransom da 'yan mata, motar turi ɗaya ba ta isa ba, Lorna ma mutum ce, wata rana za ta yi mura. Duk mai a-kori-kura ya nemo katako ya zo filin ranar Lahadi bayan coci. Za ku same shi zaune cikin matacciyar motar da hularsa, yana jira. Ku dai taɓa shi a hankali, wuyan nan ya sha duka.