Ranar da Baba ya fita alwala

Shekarun baya ne, amma har yau in lasifika ta yi ƙarar nan mai shiga kunne kafin a fara jawabi, sai in ga kaina a wani ɗakin taro a Gumel. Wani kwamiti ne ya zo jin ta bakin jama'a, don ya ba gwamnati shawara kan sana'o'in da ya kamata a koya wa matasa. Mu 'yan makaranta an kawo mu ne mu cika kujeru. Na cika tawa kuwa, ina ta kallon wata tsattsewa da ke kewaya fanka.

Yayana ne ke da magana a ranar. Ya iya gyaran famfon sola, da kansa ya koya a gonakin rani, amma duk inda ya nemi aiki sai a tambaye shi takardar shaida. So yake ya roƙi kwamitin a riƙa gwada irinsu a ba su shaidar. Ya faɗa mini in hakan bai samu ba, bayan girbi zai bi motocin Maigatari ya tsallaka Nijar.

Shi ne ɗan fari a gidanmu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa ɗaga murya a inda Baba yake ba. Muna shiga sai ga Baba a sahun gaba, cikin dattawan da aka gayyata.

Dattawa suka gama, aka ce saura matasa. Sai Baba ya miƙe, ya ce zai yi alwala, ya fita. Yayana ya ɗaga hannu, har an miƙa masa makirfo.

Shugaban kwamitin, mutum mai ladabi, ya duba kujerar Baba ya ce, "A'a, Alhaji ya fita? Dakata, samari. Ba za mu yi maganar yara a bayan iyayensu ba."

Aka tura aka taho da Baba. Ya zauna yana kallon takalminsa. Yayana ya juya makirfon a hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da iyayenmu suka faɗa ya wadatar." Aka tafa masa.

A hanyar gida na ce, "Yaya, duk bitar jawabin nan da ka hana mu sakat da ita a tsakar gida fa?"

Ya ce, "Ke da kika wuni kallon tsuntsu, me kika ji?"

Bayan girbi ya tafi. Yanzu yana Damagaram da shagonsa da iyalinsa, sai da sallah muke ganinsa. Ban san abin da kwamitin ya rubuta ba, kuma ban taɓa jin haushin shugaban ba. Girmamawa ya yi, irin wadda aka koya mana duka.

Bara muna tsince riɗi da mahaifiyata na tuno mata ranar, na ce da alwalar Baba ta ɗan yi tsawo, da wataƙila Yaya yana gida.

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Wace alwala? Da alwalarsa ya bar gidan nan. Bayan taga ya je ya tsaya, yana jira ya ji muryar yaron nan ta lasifika. A nan suka same shi."