Ayar da Kakata Ta Tsaya a Kanta

Duk inda na ji warin kalwa a kan wuta, sai na ga kakata zaune a bayan rumbu tana dafa daddawa, a ƙauyenmu kusa da Tafoki. Ba ta iya karatu ba. Ni nake karanta mata Littafi Mai Tsarki da hantsi, tun ina aji huɗu. Kada ka ɗauka muna cin shafuka. Aya ɗaya take yarda in karanta a mako.

"Tsaya nan, maigida," haka take tsokanata. "Wadda na ji ban gama yin ta ba."

Wata damina na karanta mata wurin da aka ce idan ɗan'uwanka yana riƙe da kai a zuciya, ka fara zuwa ku shirya kafin ka kawo baikonka ga Allah. Ta ajiye muciya.

"Mi ya ce? Sake."

Na sake. Ranar ba ta ci tuwo ba, haka washegari, haka jibi.

Mahaifiyata ce ta gaya mini dalili. Shekarar da kakata ta karɓi bangaskiya, ta kwashe kayan tsafin mahaifinsu ta ƙone, ba ta tambayi ƙanenta ba. Su kaɗai ne abin da ya gada. Tun daga nan ya koma wajen Sabuwa, ya daina kiran sunanta.

Rana ta huɗu muka tafi wurinsa, ni riƙe da ƙullin daddawa. Masara ta fi mu tsawo, laka har idon sawu. Matar ƙanen ta kawo mana ruwa. Shi yana ɗaki, muna jin tarinsa. Kakata ta durƙusa a ƙofa ta ce, "Ƙanena, ban zo in ce hanyata kuskure ce ba. Na ƙone abin da ba nawa ni kaɗai ba. Ka yafe mini."

Bai fito ba. Shekara bakwai tana komawa bayan girbi, shekara bakwai kuma ba ta ci Jibin Ubangiji a coci ba, ko da fasto ya ce ta sauke nata nauyin. Ya rasu bai amsa ba. Na daɗe ina jin da ma na tsallake ayar.

Yanzu ina Kankara. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu da na ƙanen kakata. Kullum da safe ina karanta babi uku a waya, na san abin da aka ce game da baƙo da mai yunwa. Jikokin ƙanen nan, su goma sha ɗaya, suna kwana a wani kango bayan tasha. Ɗakina ɗaya ne, mu shida a ciki. Jiya na kai musu kwanon dawa, babbarsu ta tambaye ni ko akwai wuri. Na tsaya ina kallon ƙasa, har ta ce, "Ba komi, Baba, mun gode."